Ƙundun da Yaya Ta Ci

Tun da nake rubuta wasan kwaikwayo ban taɓa ƙirƙiro magana daga kaina ba. Tsinta nake yi. Masu son faranta mini rai sukan ce Allah ya ba ni kunne, amma gaskiyar magana ɗan littafi ne da ni a aljihun gaba da guntun fensir, sannan ba ni da kunya. In ina tsaye a tashar mota ta Kafanchan wata mata ta yaɓa wa kwandasta magana mai daɗi, kafin ta gyara goyonta na riga na rubuta. Haka nake yi a kasuwa, haka a ɗakin malamai na sakandaren da na koyar har na yi ritaya, haka ma a gidan makoki, Allah ya gafarta mini. In na koma gida sai in zube tsintuwar in fara rabo: wannan ta bakin tsohuwa ce, wannan ta dace da mashayi, wannan a ajiye ta sai an samu fasto marar haƙuri.

Da wasannin coci na fara, na Kirsimeti da na Ista. Barguna biyu a kan igiya su ne labule, mala'ika da fukafukan kwali, sarki mugu kuwa kullum wanda ya fi kowa tumbi a ƙungiyar mawaƙa ake ba. Daga baya na gaji da makiyaya da tumakinsu, na koma rubuta mutanen da nake gani da idona: ma'aikatan reluwe da jirgi ya daina zuwa ya bar su da hula, matan da ke sayar da doya a bakin hanya, dillalan citta. Da Hausa nake rubutawa, domin a benci ɗaya na 'yan kallo sai ka samu yare biyar, ga kuma 'yan kasuwar cikin gari da kakanninsu suka zauna nan tun kafin a haife mu. Hausa ce kaɗai za ta sa su duka su yi dariya a lokaci ɗaya.

Amma ni ba da Hausa aka rene ni ba. Muna da yarenmu a ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, a bayan yayata na girma, wadda ta girme ni da shekara goma sha biyu. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai ni makarantar kwana, daga nan kwaleji, daga nan aiki, don haka yaren da ke bakina yaren yaro ne, bai taɓa girma tare da ni ba. Matata daga wajen Kauru take, nata yaren daban, Hausa muke yi a gida. 'Ya'yanmu kuwa Turanci da buroka suka tashi da su. Ko ƙauye na je, da an hango ni da tabarau da takalmi sau ciki sai a juya harshe a ce, "Malam, sannu da zuwa." Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa yi mini Hausa ba, ita ce Yaya. Ba ta kuma taɓa kirana Malam ba. Akwai sunan da ta raɗa mini ina goye, ma'anarsa kusan ɗan abin nan mai yawan kuka, da shi take kirana ko a gaban ɗalibaina ne.

Kowace Asabar nakan hau mashin in je wurinta. In kaka ta yi, sai in tarar da ita a tsakar gida gaban tulin citta, da 'yar wuƙa tana tsagawa domin shanya. Ta miƙo mini wuƙa in zauna in taya ta, tana yi mini tsiya wai hannuna na alli ne, ina ɓata mata kaya. A nan nake jin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda akuyarsa ta shiga gonar wani. Tana sassauta mini yaren yadda ake dama wa yaro kunu ruwa-ruwa, in na yi kuskure ta gyara mini tana dariya. Sa'o'in nan uku na Asabar su ne kaɗai lokacin da nake jin ni ɗan wani ne.

Mijinta tsohon ma'aikacin reluwe ne kuma dattijon coci. Ba zan yi masa sharri ba yanzu da yake ƙasa: bai taɓa dukanta ba, bai sha giya ba, bai bar gidansa da yunwa ba. Mutum ne kawai da bai taɓa tambayarta ra'ayinta a kan komai ba. Yana da agogon aljihu mai sarƙa tun na aiki, in an kawo abinci sai ya ciro ya duba kafin ya buɗe kwano. Kowa a ƙauyen ya san agogon nan, yara har kwaikwayonsa suke yi da murfin kwalba da zare.

A wajenmu ƙundun kaza na maigida ne. In aka yanka kaza aka kai kwano babu ƙundu, kamar ba a yanka ba, akwai mazan da za su turo kwanon a mayar. Mace ta gyara shi, ta wanke, ta dafa, amma ba ta sa shi a baki. Ni kaina na ci ƙundu a gidana shekara da shekaru ban taɓa tunanin komai a kai ba.

Wata biyar bayan rasuwar mijinta muna zaune muna tsaga citta, mu biyu kaɗai a gidan. Ba tare da ta ɗago kai ba, Yaya ta kira sunan nan nawa. Da yarenmu ta yi maganar, ni ne nake juya ta zuwa Hausa a nan, kuma wannan juyawar ita ce laifina.

"Ka san abin da na yi ranar da aka binne shi?"

Na ce ban sani ba.

"Mata suna ta kuka a tsakar gida, an yanka kaji saboda baƙi. Na shiga madafa na buɗe tukunya, sai ga ƙundu yana yawo a cikin romo, ba mai shi. Na tsamo, na zaga bayan rumbu na tsuguna na ci. Shekara talatin da wani abu ina dafa shi ban san ɗanɗanonsa ba."

"To yaya kika ji shi?"

"Tauri. Ba wani abin kirki ba ne ashe. Amma na ji daɗi. Ba daɗin naman ba, daɗi kawai na ji a raina, har na tsorata da kaina. Na dawo na zauna cikin masu kuka bakina da maiƙo."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen zani. Ta ce ko fasto ba ta gaya wa ba, kuma tun ranar abin yake cinta. Na ce mata Allah ya san zuciya, ba ta yi zunubi ba. Na faɗa da gaske. Amma yayin da bakina yake lallashinta, wani ɓangare na kaina yana maimaita maganar don kada ko kalma ɗaya ta zube a hanya. Da na isa gida ko takalmi ban cire ba na zauna na rubuta.

Wasan ya fito cikin mako shida, ban taɓa rubuta abin da ya zo mini da sauƙi haka ba. Labarin wata gwauruwa ce a kwana ukun farko na makokin mijinta, dangi suna shiga suna fita suna gaya mata irin rashin da ta yi. A fitowa ta ƙarshe sai ta rage ita kaɗai a dandamali da tukunya. Na canja garin, na canja yawan 'ya'yan, na mai da mijin ma'aikacin gidan waya. Amma na bar masa agogonsa. Matata ce take fara karanta duk abin da na rubuta, tana gamawa ta ajiye takardun a cinya ta ce, "Maigida, ka cire agogon nan."

Na ce agogon shi ne mutumin, in an cire shi me ya rage?

Ta ce, "To ka cire tukunyar."

Na ce tukunyar ita ce wasan. Na ƙara da cewa ba ta san aikin ba. Ta dube ni ta tashi ta shiga kicin, ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fito a matsayin gwauruwar. A wajen gwaji na matsa mata lamba ƙwarai. Na nuna mata yadda za ta tsuguna, yadda za ta kare baki da tafin hannu, yadda za ta share ido da gefen zani ba da yatsa ba. Rannan ta tsaya ta ce, "Malam, wai wace ce matar nan? Kamar ka san ta." Na ce ba kowa ba ce, a ci gaba.

Muka nuna shi a Kaduna, aka zaɓe shi zuwa wata babbar gasa a Legas, ya zo na ɗaya. Aka kira ni gaban jama'a aka miƙa mini lambar yabo, wani katako mai ƙyalli da rubutu a jiki. Na sa babbar rigar da na yi aure da ita. Mutanen da ba su jin Hausa sun bi wasan da takardar fassara a hannu, kuma na ga mata suna kuka a fitowar ƙarshe. Ba zan yi ƙarya ba, ranar na ji kaina ya taɓa rufi. Shekara ashirin da wani abu ina rataye barguna a igiya, yau ga ni ana ɗaukar hotona.

Da muka dawo aka ce dole a nuna wasan a gida. Aka sa ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a babban ɗakin taron makarantarmu, da rana domin ba a dogara da wuta. A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na aika mota ƙauye ta ɗauko Yaya, na sa aka ajiye mata kujera mai hannu a sahun gaba. A lissafina girmama ta zan yi. Na ɗauka za ta ga kanta a dandamali ta ji cewa abin da ya dame ta ya zama abin da duniya ta tafa wa. Wai ni mai ilimi.

Ta zo cikin zanen zumuntar mata, domin a lokacin ita ce shugabarsu a cocin ƙauye, da mata biyar a bayanta. Ƙannen mijinta biyu suka biyo motar, tunda ai gidansu ake karramawa. Babban ɗanta ma ya zo daga wajen aikinsa. Duk suka jeru a gaba.

Ina tsaye a gefen labule ina leƙe. Fitowa ta biyu, inda gwauruwar take tuna mijinta, ɗan wasan da ya fito a matsayin mijin ya zauna gaban kwano, ya sa hannu a aljihu ya zaro agogo mai sarƙa. Sai na ji dariya ta tashi daga bencin 'yan ƙauyenmu, irin dariyar ganewa. Wani ya ambaci sunan marigayin da ƙarfi. Daga nan kowa ya san gidan wa ake kallo. Na so a ce wani abu ya faru, ruwa ya ɓarke ko rufi ya faɗo, amma wasa in ya kama hanya ba ya tsayawa, kuma ni na koya musu haka.

Da aka zo tukunyar, ɗakin ya yi tsit. Ma'aikaciyar jinyar nan ta yi aikinta yadda na koya mata, ba ta rage komai ba. Ta tsuguna, ta kare baki, ta faɗi maganar Yaya kalma bayan kalma da Hausa, har da bakina da maiƙo. A Legas kallon dandamali aka yi. A nan kuwa kawuna juyawa suka yi zuwa kujera mai hannu. Yaya ba ta motsa ba. Hannuwanta suna kan cinya, idonta a gaba. Da aka ja labule aka yi tafi, ita ma ta tafa.

Na tsaya a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa. Ƙannen mijinta suka wuce ni kamar ginshiƙi. Ɗanta ya fita ta wata ƙofar. Ita ta zo daidai gabana ta tsaya, ta ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙon kirki, ta ce da Hausa, "Malam, sannu da aiki. Allah ya ƙara basira."

Ban taɓa jin ta yi mini Hausa ba sai ranar. Hausarta ta kasuwa ce, mai nauyin harshen gida. 

Asabar ta zagayo na hau mashin na tafi. Na tarar da ita gaban citta kamar kullum. Na gaishe ta da yarenmu, ta amsa da Hausa. Na sake, ta sake. Ta kawo mini kujera maimakon turmin da nake zama a kai, ta kawo ruwa a kofin baƙi, ba ta miƙo mini wuƙa ba. Na ce, "Yaya, mene ne haka?"

Ta ce, "Ba Hausa kake mayar da maganata ba? To na rage maka aiki. Ka ɗauka yadda take, ba sai ka sha wahalar juyawa ba."

Haushi ya kama ni, domin mai laifi ya fi kowa saurin fushi, ni kuma dama ba haƙuri ne da ni ba. Na ce ban ambaci sunanta ba. Na ce aikin marubuci ke nan, ya ɗauki abin da ke ɓoye ya fito da shi don mutane su ga kansu. Na ce a Legas manyan mata masu digiri sun yi kuka saboda ita. Ta bar ni na gama tas, wuƙarta ba ta tsaya ba, sannan ta ce, "Madalla. Su matan Legas ɗin, a wace coci suke sujada?"

 Na shanye ruwana na tashi.

Sauran labarin a bakin matata na riƙa jinsa, ita ma a bakin mata. Yaya ta ajiye shugabancin zumunta da kanta kafin a ce ta ajiye. Babban ƙanen mijinta ya daina cin abincin hannunta. Ɗanta ya yi Kirsimeti biyu bai zo gida ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na wajen biki: in an raba nama, sai wata marar mutunci ta sa ƙundu a ɗan kwano ta aika mata, wai ga rabon mama. Yaya takan karɓa ta yi godiya. Duk abin da na rubuta a nan game da ƙundun nan ba asiri nake tonawa ba, gari ya riga ya sani, ni na sanar da shi.

Bayan shekara guda na sauke girman kai na ɗauki fastonmu muka je ba da haƙuri yadda ake yi. Na durƙusa, da furfurata. Ta ce, "Na yafe, Malam. Ni ma Ubangiji ya yafe mini." Fasto ya yi addu'a mai tsawo, aka ci abinci, ya dawo yana murna an yi sulhu. Shi bai ji abin da na ji ba. Da Hausa ta yafe mini, kuma a Hausa ta tsaya.

Ba ta taɓa hana ni zuwa ba. Kowace Asabar ga kujera, ga kofin baƙi. Yaya iyali, lafiya. Yaya aiki, da godiya. Ruwa ya yi gyara bana, ya yi. Minti goma mun gama duk abin da za a faɗa, sai in zauna ina kallon kaji. In maƙwabciya ta leƙo, sai yarenmu ya ɓarke tsakaninsu da dariya da tafa hannu, ina gefe ina ji kamar mai jin ƙamshin girkin gidan wani. Maƙwabciyar na fita a dawo mini da Hausa.

A cikin gari ma abin ya bi ni ta wata hanya. Lambar yabon ta sa ana gayyatata taro, a zaunar da ni a babban tebur, a kira ni uban marubuta. Amma majalisar da muke zama gindin mangwaro kusa da mai sayar da jarida, tsofaffin malamai da 'yan fansho da wani tela abokina na cikin gari, da na doso sai wani ya ce, "A gyara baki, ga mai fensir." A yi dariya, ni ma in yi. Sai dai da gaske gyara bakin ake yi. Ba wanda ya ƙara faɗin damuwar gidansa a gabana, sai siyasa da ƙwallo. Na rubuta wasanni huɗu bayan wancan, duk mutanen cikinsu suna magana kamar masu karanta sanarwa a coci. Na san ba su da rai. Waɗanda suka yabe su, lambar suke yabo.

Da matata ta rasu, Yaya ce ta fara isowa. Ta kwana bakwai a gidana, ta riƙe madafa, ta tarbi baƙi, ta tabbatar na ci abinci. Ba abin da 'yar'uwa take yi wanda ba ta yi ba. Wata rana da hantsi tana kicin da matan ƙauyenmu suna hira da yare, sai na tsinci kaina a tsaye jikin taga ta waje, na manna kafaɗa da bango ina saurare. Ba littafi a hannuna, na daina ɗaukarsa tuni. Sautin kawai nake so. Tari ya kuɓuce mini, hirar ta yanke. Ta leƙo ta ce, "Malam, kana son wani abu ne?" Na ce a'a. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

'Ya'ya suka koma garuruwansu, gida ya rage ni kaɗai. Na fara yi wa kaina yaren da baki don kada ya mutu. In ɗauki abu in kira sunansa: wannan ruwa, wannan gishiri, wannan ƙofa. Rannan na ɗauki ludayi na tsaya da shi a hannu, sunan ya ƙi zuwa. Bayan kwana biyu tsintsiya ta bi shi. Ba wanda zan tambaya ba tare da an yi mini dariya ba. Haka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda cokula suke ɓacewa a gida ba a san ranar ba.

Shekara goma sha uku muka yi a haka. Yaya ta tsufa, idonta ya yi hazo, hannunta ya daina riƙe wuƙa. Wata Asabar na je na tarar matar ɗanta ta tafi gona ta bar tulin citta a tsakar gida. Ba wanda ya sa ni, na jawo turmi na zauna na fara tsagawa. Yaya tana kan tabarma ta jingina da bango, tana jin ƙarar wuƙar. Mun daɗe a haka. Sai na ji ta kira sunan nan, na goyo.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na matsa kusa da ita. Ta laluba ta kama wuyan hannuna, ta fara magana da yarenmu.

Ta daɗe tana yi. Sai dai ba irin wanda take sassauta mini a da ba ne. Yaren tsofaffi ne, mai zurfi, irin wanda suke yi tsakaninsu, ga murya ta yi ƙasa, ga haƙora sun zube. Ni kuma abin da ya rage mini bai fi na gaisuwa da sayen gishiri ba. Na ji sunan mahaifiyarmu. Na ji ta ce bayana, na ji ta ce ranar nan, na ji ta ce kai. Na tsinci kalma a nan, kalma a can, tsakaninsu duhu. Abin da na yi shekara goma sha uku ina roƙon Allah ya ba ni, ga shi ana zuba mini, hannuna ya kasa tarewa.

Da zan ce ta maimaita, da Hausa zan faɗa, domin ko yadda ake cewa ban gane ba ya ɓace mini a lokacin. Kuma na ji tsoron in na yi mata Hausa ta saki hannuna. Sai na yi abin da na iya. Na shekara talatin ina koya wa mutane yadda ake nuna ana saurare, inda ake gyaɗa kai, inda ake sauke numfashi. Na yi mata duka. A ƙarshe ta faɗi wata magana gajera, ta maimaita ta sau biyu tana matsa hannuna, sannan ta tambaye ni ko na ji. Wannan kam na gane. Na amsa da yarenmu na ce na ji.

Ta saki ajiyar zuciya ta ce in ci gaba da aikina, ina ɓata musu citta.

Na ce a raina Asabar mai zuwa zan tambaye ta. Asabar ta zo, ta tarbe ni da sunana, ta yi mini 'yan ƙananan maganganu da yare, na zafi da na ciwon gwiwa, ina amsawa da guntayen da nake da su. Daɗi ya hana ni ɓata zaman, kunya kuma ta hana ni cewa na yi mata ƙarya. Asabar uku muka samu a haka. Kafin ta huɗu aka aiko mini da safe cewa ta cika.

Gajeriyar maganar nan da ta maimaita tana nan a kaina, sautinta duka, domin kunnen tsintuwa bai mutu ba. Zan iya faɗinta yanzu yadda ta fito daga bakinta. Ban san ko cewa ta yi ta yafe har zuciya ba, ko wani abu ta bar mini in yi, ko kuwa ta gaya mini ne abin da na yi mata wanda ba ya gyaruwa. Akwai wata tsohuwa a ƙauyen, ƙawar Yaya tun suna 'yan mata, hankalinta garau, wadda in na faɗa mata za ta fassara mini kafin in rufe baki. Sau biyu ina hawa mashin takanas in je gidanta. Amma in na zauna na buɗe baki, sai in tuna mu biyu ne kaɗai a tsakar gidan nan, kuma ni ta riƙe wa hannu. Na taɓa ɗaukar maganarta na kai wa wasu, na ga abin da ya biyo baya.

Duka zuwan biyu gaisuwa na yi wa tsohuwar, na tambaye ta jiki, na sha ruwa, na hau mashin na dawo gida.